Ramar Cika-Kujera

Yana daf da kaiwa turken lantarki na ƙarshe ke nan, numfashinsa na fita da ƙara kamar zuga-zugi, sai hasken fitilar babur ya karyo kwana ya haske shi tun daga takalmi har tsakar ka. Cika-Kujera ya ja wa ƙafafunsa birki. Ya dubi dama, katangar tsohon sito ce. Ya dubi hagu, tarin yashi ne da bai kai gwiwarsa ba, mutum irinsa kuwa ba a ɓoye shi a bayan yashi. Sai ya fizgo doguwar rigar da ya ɗaura a ƙugu ya zura ta a kan ta ciki da ta jiƙe sharkaf. Hannu ɗaya ya shiga, ɗayan ya ƙi, ya tsaya a tsakiyar hanya yana kokawa da riga.

Mai burodi ne, wanda yake raba wa shaguna kafin gari ya waye. Ya rage gudu, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa.

"Maigida? Kai ne a nan da duhun nan?"

"Ni ne. Iska na fito sha."

Mai burodi ya dubi fuskarsa da ruwa ke gangarowa har gemu, ya dubi ƙirjinsa da ke hawa da sauka. Ya girgiza kai a hankali.

"Allah ya kyauta. Sai haƙuri, Maigida. Zaman duniya sai haƙuri."

Ya ja babur ɗinsa ya wuce. Cika-Kujera ya bi shi da kallo, bai gane haƙurin me ake ba shi ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne ko mutumin ya lura da farin takalmin gudun da ke ƙafarsa.

Sunan nan nasa ba a banza ya same shi ba. Shagon kujeru gare shi a bakin babbar hanya, kuma shekara da shekaru da jikinsa yake talla. Idan mai saye ya fara ƙwanƙwasa katako yana tambayar ko kujera za ta yi ƙarko, ba ya ɓata bakinsa. Sai ya ja da baya, ya tattare riga, ya saki jikinsa gaba ɗaya a kanta, tim! Duk kujerar da ta ɗauke shi ba ta ce uffan ba, ta ci jarrabawa. Har daga wasu unguwanni akan zo, wasu don sayayya, wasu don kallo. Tumbinsa ne allon shagonsa, kuma ya fi kowa iya yi wa kansa ba'a a kai.

Ranar da jiri ya ɗebe shi a bakin shago ya ce wa kowa zafin rana ne. Likita kuwa da ta gama gwaje-gwajenta ba ta ambaci rana ba. Ta ce suga ya hau, jini ya hau, in yana son ya ga jikokinsa to ya rage abin da ke cikin faranti, ya kuma motsa ƙafa. Ta ce ya fara da tafiya, daga baya ya riƙa sassarfa zuwa turke ɗaya, ya taka a hankali zuwa na gaba. Farkon farawa bai kai ko turken farko ba sai da ya dafa katanga yana ganin wuta-wuta. Yanzu yakan zagaye siton da filin bayansa bai tsaya ba, har yakan ji wani irin daɗi idan ƙafafun suka kama hanya da kansu. Ya kai bel ɗinsa an ƙara masa huda, ya sake kaiwa. Duk wannan ba wanda ya san dalilinsa sai matarsa, Malama, ita ma sai da ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba.

Hujjar da ya ba ta ita ce mahaifiyarsa. Ciwon nan ne ya ɗauki mahaifinsa, in ji shi, idan Inna ta ji sunansa a kan ɗanta ba za ta ƙara barci ba. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Kunya yake ji, tsagwaronta. A ce magidanci da furfura a gemu, wanda gari ya san shi da ƙasaita, yau shi ne yake tsalle-tsalle a titi nama na rawa, likita na ƙayyade masa loma kamar jinjiri? Gara a ce masa komai da a gan shi a haka.

Da ya yi wanka ya fito, Malama ta riga ta ajiye masa karin kumallo: dafaffen ƙwai, yankan burodi ɗaya, kokwamba, da shayin da ko ƙanshin sukari bai ji ba. Ranar babu makaranta, yara sun tafi gidan gwaggonsu, gidan tsit. Ta zauna a gabansa ba ta ɗauki nata kofin ba.

"Inna ta kira Yaya jiya," in ji ta.

"Wane Yaya?"

"Yayye nawa gare ni? Ta ce ya zo yau da la'asar ya ga abin da ƙanwarsa take yi wa ɗanta."

Cika-Kujera ya shiga ɓare ƙwai da natsuwa kamar aikin da ya fi kowane muhimmanci a duniya.

"Baban yara, da kai nake. Watanni ke nan ina haɗiyewa. Ranar da muka je asibiti duba matar ƙaninka, a gaban mutane Inna ta kama hannun rigarka ta ɗaga, ta ce a dubi yadda ta yi maka yawa. Ta ce wai da cokalin shayi nake auna maka abinci. Kana tsaye, dariya ka yi. Na yi shiru. Ƙawayena sun daina tambayata kai, sai dai su tambayi yara. Nan ma na yi shiru. Amma Yaya shi ne ubana tun da Baba ya rasu. Ba zan zauna a wanke ni a gabansa a kan abin da ban aikata ba."

"Ki bar ni da su. Zan san yadda zan yi."

"Haka ka ce wancan karon."

"To ko mu ce gyambon ciki ne ya hana ni cin abinci? Wannan ai ba wanda zai tayar da hankali."

Ta yi masa wani kallo, irin wanda take yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa har da sunan mai amsar.

"Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan karya alkawari ba. Bakinka ne zai faɗa. Ni na tashi da duhu na dafa maka ganye, ni na ɓoye kwalbar sukari, ni nake wanke maka takalmin nan in shanya a bayan tanki don kada maƙwabta su gani. Ban nemi godiya ba. Amma in ka yi shiru yau, idan Yaya ya tashi tafiya zan bi shi. In ya so Inna ta dawo ta dafa maka abin da take so."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya ba shi tsoro ke nan. Ya kurɓi shayin, ya ce ya makara, ya fita.

A shago, wajen hantsi, wani mutum ya shigo da matarsa suna neman kujerun falo. Suka zagaya, suka shafa yadi, suka danna soso. Can mijin ya ce, "Ina mai shagon? An ce mana shi yake gwada kujera da kansa."

"Ga ni."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "A'a, wani ƙato aka ce mana. Cika-Kujera."

"Ni ne dai."

Ya ja da baya kamar yadda ya saba, ya tattare rigar da ta zama kamar ta aro, ya saki jiki. Kujera ta karɓe shi da wani ɗan sauti, fuf, har da sauran wuri a gefe da za a iya ajiye jaka.

"Wannan ai ko ni zan iya," in ji mijin yana dariya. Matar ta zungure shi da gwiwar hannu, ta raɗa masa wani abu, sai ya gintse. Suka ce za su dawo. A bakin ƙofa matar ta waiwayo ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," da irin muryar da ake yi wa mara lafiyan da aka fid da rai da shi.

Yana nan zaune a kujerar, Kafinta ya fito daga bayan shago yana karkaɗe garin katako daga gashin hannunsa. Tare suka fara sana'ar tun suna samari, don haka shi kaɗai ne yake faɗa masa magana ba ya sa mata gishiri. Yau kuwa sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Mutumina, wata magana ce take yawo. Na ce gara ka ji daga bakina."

"Ta rama ce? Na gaji da ita."

"Ta wuce nan. Mai burodi ya ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya gan ka da asuba kana gudu ta bayan sito, fuska duk hawaye."

Saura kaɗan ya ce zufa ce. Ya cije kalmar a haƙori.

"Wai Malama ce take koro ka," Kafinta ya ci gaba yana kallon ƙasa. "Ba abinci, ba kwanciyar hankali, kullum kafin gari ya waye sai ka tsere ka je inda ba kowa ka yi kukanka. Ka san matar mai burodin maƙwabciyar Inna ce. Ita ta je ta ce mata, 'Inna, ɗanki fa gudu yake yi da asuba.' Tsohuwa kuwa tun da take ba ta taɓa ganin babba yana gudu ba sai da abin da ya koro shi. Wasu ma har sun ce da muciya take bin ka."

Cika-Kujera ya ji kamar an kwara masa ruwan zafi a ƙeya. Ashe haƙurin da aka ba shi da asuba ke nan. Ya tuno Malama da mayafinta da jakar littattafanta tana ratsa unguwa kullum safiya, tana gaida mutane suna amsawa, ashe da ta ba da baya sai a nuna ta da baki. Malamar da iyaye suke damƙa wa 'ya'yansu!

"Gaskiya ne?" in ji Kafinta a hankali. "In akwai matsala ka faɗa mini. Ba haka muka saba ba."

Ga ƙofa a buɗe, ga amini, ba kowa a shagon. Kalma uku ta ishe shi. Ya buɗe baki, sai ya hango yadda Kafinta zai riƙe ciki yana dariya, yadda kafin azahar duk layin zai ji cewa Cika-Kujera ya koma ɗan tsere.

"Sharrin mutane ne kawai," ya ce. "Ka gama fentin teburin nan?"

Kafinta ya dube shi na ɗan lokaci, ya koma bayan shago. Har aka tashi bai sake fitowa ba.

Da la'asar ya tarar da motar Yayan Malama a ƙofar gida. Ya daɗe yana goge takalmi a tabarmar bakin ƙofa kafin ya yi sallama. Inna tana kan babbar kujera, ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, da ƙatuwar kula a gaban ƙafafunta. Yaya yana gefe, hula a kan gwiwa. Direban manyan motoci ne, mutum mai tsadar magana, kuma daga ganin jan idonsa daga hanya ya zarto. Malama tana zaune a ƙasa kusa da ƙofar kicin, kanta a sunkuye.

Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi yara. Cika-Kujera ya ja gaisuwar iya jan da za ta yi, har ya tambayi lafiyar motar. Inna ce ta katse shi.

"Zauna nan. Kafin a ce komai, ci za ka yi."

Ta buɗe kular da kanta. Shinkafa ce tana ƙyallin mai, a samanta soyayyen naman rago, irin mai kitse a gefe wanda yake narkewa a harshe. Ƙanshin ya cika falon, ya shiga hancinsa ya sauka har cikin da ya yi watanni yana karɓar ganye da haƙuri. Ta tula masa a faranti, ta ƙara, ta tura gabansa.

"Inna, na ci abinci a shago."

"Ƙarya kake. Ni na haife ka. Ci."

Ya saci kallon Malama. Ta ɗago ido ta dube shi sau ɗaya, ba roƙo a ciki, ba gargaɗi. Jira kawai take yi.

Ya ce a ransa loma ɗaya zai yi don kada ya kunyata tsohuwa a gaban baƙo, daga nan sai ya gyara murya ya yi bayani. Ya kai lomar farko. Ta biyu ba shi ya yanke shawararta ba. Kafin ya farga ya ajiye cokali ya sa hannu, yana yagar nama, mai na bin yatsunsa, yana jin kansa yana tauna da sauri irin na wanda ake shirin ƙwace wa. Ya san ana kallonsa. Ya san kowace loma shaida ce a kan matarsa. Kunya ta ishe shi har kunnuwansa suka yi zafi, amma saboda kunyar ce ma ya kasa ɗagowa, tun da in ya daina ci dole ya yi magana.

"To," in ji Inna. Ta juya ga Yaya. "Ka gani da idonka, ba labari aka ba ka ba. Wannan cin mai ƙoshi ne? Yaron da tun yana goye ba a taɓa ganin ƙashin wuyansa ba, dube shi yau. Ni ban ce ta so shi dole ba. Amma a hana shi abinci a gidansa, a kuma kore shi da duhun asuba yana gudu yana kuka a titi kamar mara gata? Gari duk ya ɗauka. Ina raye!"

Malama ta ɗago da sauri. Ashe wannan ba ta kai kunnenta ba sai yanzu. Ta dubi Inna, ta dubi mijinta.

Yaya ya juya hularsa a kan gwiwa. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kuma da ya yi tsawa da ya fi sauƙi.

"Auta, kina jin abin da aka ce?"

"Ina ji, Yaya."

"Kina da abin faɗa?"

Ta dubi mijinta, ta mayar da kanta ƙasa.

"Ba ki da shi ke nan." Ya numfasa. "Da hannuna na kawo ki gidan nan. Na ce wa mutanen nan na ba su yarinya mai tarbiyya. Karatun da na yi ta kwana a hanya don ki yi, ashe abin da ya koya miki ke nan? Ban taɓa sunkuyar da kai a gaban kowa ba sai yau. Inna, ki yi haƙuri. Laifina ne, ni ban iya reno ba."

Hawaye ya zubo wa Malama, ba ta share ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Yaya, ka jira ni in ɗauko jakata."

Ta bi ta gaban mijinta za ta shiga ɗaki, gefen zanenta ya shafi gwiwarsa. Akwai tsokar nama a bakinsa, ta ƙi taunuwa, ta ƙi haɗiyuwa. Ya sha tsara yadda zai faɗi maganar nan in ranar ta zo, a tsanake, da dabara, da 'yar dariya a ƙarshe. Ba haka ta fito ba. Da cikakken baki ta fito, da mai a gemu.

"Suga gare ni."

Malama ta tsaya cak a bakin ɗaki.

Ya haɗiye naman da ƙyar, har idonsa ya kawo ruwa. "Ciwon suga, Inna. Da hawan jini. Likita ce ta ce in rage ci, in riƙa gudu. Ba wanda ya koro ni, ni nake fita da ƙafata. Abin da mai burodi ya gani zufa ce. Ita kuwa," ya nuna Malama da hannun da ke ɗigar mai, ya kasa kallonta, "abin da likita ta ce shi take dafawa. Ni na hana ta faɗa. Na sa ta yi alkawari."

"Don me?" in ji Yaya.

"Kunya nake ji."

A bakinsa ma sai ya ji kalmar ta yi ƙanƙanta, ba ta kai girman ɓarnar da ta yi ba.

Inna ta zura masa ido, fuskarta ta saki, tsufanta ya fito gaba ɗaya. Sai ta sunkuya da wani zafin nama da ba a san tana da shi ba, ta fizge farantin daga gabansa har shinkafa ta zube a kan darduma. Ta rungume farantin a cinya kamar zai biyo shi. Ta juya ga Malama.

"Ke kuma kina tsaye kina kallo ya cinye rabin faranti? Ba za ki buge hannunsa ba?"

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Malama a tsakiyar kuka, ta toshe baki da mayafi. Sai a lokacin Inna ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta mayar da murfin kular, ta daɗe tana murɗa shi ko da yake ya riga ya rufu.

"Zo nan, 'yata," ta ce daga baya, ba ta ɗago ba. "Zo ki zauna kusa da ni. Bakina ya yi miki yawa. Me da me aka ce ya ci? Ki faɗa mini sannu-sannu, kaina ba ya riƙe abu yanzu."

Yaya ya miƙe ya sa hularsa. Ya tsaya a gaban ƙanwarsa, ya dafa kanta. Cika-Kujera ya bi shi zuwa mota yana goge hannu a riga, yana jera ban haƙuri. Yaya ya buɗe ƙofar motar, sannan ya juyo.

"Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa da nasa," ya ce. "Amma da ka kira ni a waya ka faɗa mini, da ban zo na ci mutuncin ƙanwata a gaban surukarta ba. Ban taɓa sa ta kuka ba sai yau, kuma kai ka ara mini bakin." Ya ɗaga ido ya dubi gidan. "Inna ta fito in sauke ta."

Da motar ta tafi da su, gidan ya koma shiru. Malama ta durƙusa tana tsince shinkafar da ta zube. Ya tsaya a kanta, hannuwa a baya.

"Maman yara, ki yafe mini."

Ta ci gaba da tsinta.

"Na faɗa dai. Kin ga na faɗa."

"Ka faɗa," ta ce. "Inna ta ji, Yaya ya ji. Unguwa fa? Jibi zan bi ta layin nan in tafi makaranta. Iyayen yaran da nake koyarwa suna nan a kan cewa da muciya nake bin mijina."

"Zan samu mai burodi in yi masa bayani."

"Ka bi gida-gida ke nan?"

Ta miƙe ta fita ta bayan gida. Da ta dawo, fararen takalman ne a hannunta. Ta ajiye su a gabansa, ta daidaita su.

"Ka ci abin da ba a ce ka ci ba. Je ka ƙona shi."

Ya dubi taga. Rana ta yi sanyi amma gari tar yake, irin lokacin da kowa yake ƙofar gidansa. Daga nan yana jiyo hirar 'yan bencin mai faci, da rediyon mai aski, da matan da ke layin famfo.

"Yanzu? Ki bari gari ya ɗan yi duhu mana."

Ta ɗauko gorar ruwa ta cika, ta tsaya tana jira.

Ya zauna a hannun kujera ya ɗaura igiyar takalmi. Ya kai hannu ga doguwar rigarsa, ya ga tana kallon hannun, sai ya bar ta a inda take. Malama ce ta buɗe ƙofar gidan, duka ɓangarorin biyu, kamar za a shigo da mota.

Hirar benci ta tsaya cak. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Cika-Kujera ya tsaya a bakin titi da 'yar riga mai gajeren hannu, damatsansa a waje, sauran tumbin yana gaba, yana jin kamar tsirara aka fito da shi. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya bi ta da ɗayar, abincin Inna na tsalle a cikinsa.

Mai faci ya miƙe tsaye, taya a hannu, yana leƙen bayansa ya ga abin da ya biyo shi.

"Maigida! Lafiya?"

"Ita nake nema," ya ce, da ɗan numfashin da ya rage masa.

Wani ya tuntsire da dariya, wani ya ce a yi shiru. Ya ci gaba, fuskarsa na zafi, idonsa a kan kwalta. Yana kasa kunne ya ji an rufe ƙofa a bayansa, bai ji ba. Sai da ya kai kwana ya iya waiwayawa. Tana nan tsaye a bakin ƙofar, inda kowa zai gan ta, da gorar ruwa a hannu, tana amsa gaisuwar matan famfo ɗaya bayan ɗaya.